Littafin Mai Kumfa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya.

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan sai godiya, Auta ma ta kai izu talatin.

Yaya, akwai abin da ya tsaya mini a rai, na fi so ki ji daga bakina. Kin san shekara ashirin da biyu Baban yara yana bin bututun gas a wurin aikinsu da kwalbar ruwan sabulu. Inda ya shafa kumfa ta taso, nan ke yoyo, sai ya rubuta a littafinsa mai baƙin bango, har abokan aiki na kiransa Mai Kumfa. Ya sha kai ƙara, ana ce masa sai an samu lokaci. To ga ɗanki Injiniya, kamfani ya turo shi da kyamarar nan mai ganin iskar da ke yoyon, wadda suke kira methane, ya sauka a gidanmu. Cikin mako guda manya suka taru a kan hotunansa suna yaba masa, kamar yau aka fara yoyo a duniya. Yana ba mu labari muna cin abinci, Baban yara na ta cewa madalla. Na yi ta neman tsari, amma kishi ya riga ya kama ni, har ke ban bari ba.

Da Injiniya ya roƙi aron littafin don ya san inda zai fara haskawa, sai na ɗauke na tura bayan tukwane. Kwana uku suna nema, ina jin su. Rana ta huɗu na ji Injiniya yana cewa iskar na ƙara wa duniya zafi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishi wanda ke tsaye kusa da ita. Wa ya fi mijina tsayawa kusa? Na fito da littafin na faɗi gaskiya. Injiniya ya sunkuyar da kai, Baban yara kuwa ya shinshina bangon ya ce bai taɓa sanin aikinsa na warin albasa ba.

Ƙarshen wata rahoton da Injiniya ke rubuta wa kamfani zai tafi, baɗi kuma Baban yara zai ajiye aiki. Bayan abin da na yi, bakina ba zai buɗu ba. Don Allah ki ce wa ɗanki ya sa sunan Baban yara a ciki, layi ɗaya ya isa. Ki kuma yafe mini naki kason. In ya ce ba zai yiwu ba, kada ki gaya mini tukuna, ban gama warkewa ba.

Ki gaida Baban Injiniya da Goggo da amaryarku.

Wassalam,
Ƙanwarki mai neman afuwa