Ɗana Ya Yi Jiri a Ruku'u, Babansa Ya Ce Ai da Hular Kwano

Anti Baraka, don Allah ki taimake ni, murna ce ta zo mini da ƙaiƙayi.

Ɗana Sa'ud, shekararsa sha bakwai, haifaffen nan Makka, Hausar ma sai na matsa masa. Wai an zaɓe shi cikin ƙungiyar matasa ta wani wasa, lakros, a Jidda. Ni ban taɓa jinsa ba. Sanda ce mai raga a kai kamar matacin koko, ana jifan juna da ƙwallon roba mai taurin tsiya. Ranar da labari ya zo na rangaɗa guɗa har maƙwabtanmu na unguwar Kudai suka zaci aure ne. Kowa na ta mabruk, wato barka, na soya cincin na raba. Yaron da da rana tsaka sai barci, yanzu shi ke tashe mu asuba!

To, a atisayen makon jiya ya sunkuyar da kai ya tunkuyi wani kamar rago, wai ai yana da hular kwano. Ya dawo yana dariya. Amma da muka je Harami, na hango shi ya ɗago daga ruku'u yana tangaɗi har ya dafa babansa. Yana ciwon kai, wuya ya ƙage, haske ma ba ya so. Babansa, Malam Idrisu, magini ne a unguwar Jarwal. Ya ce bulo ya taɓa faɗo masa a kan hula bai ji komai ba, in hula ba ta tsage ba kai lafiya lau. Asabar za su Riyad gasa. Yaron ya roƙe ni kada in gaya wa kocinsu. Anti, in hana shi in kashe masa zuciya, ko in yi shiru?

Maman Sa'ud, Kudai

Maman Sa'ud, barka da arziki, ni ma na taya ki guɗa daga nan. Amma shirun nan kada ki yi shi.

Malam Idrisu yana da rabin gaskiya. Hula tana kare ƙoƙon kai da fuska, kuma kada yaron ya shiga fili babu ita. Sai dai ki zuba koko a kwano, ki rufe, ki jijjiga: kwanon ba zai fashe ba, kokon kuwa ya bugu ta ko'ina. Haka ƙwaƙwalwa take idan kai ya girgiza. Wuya kuma hula ba ta san da shi ba, shi ya sa tunkuyin nan ya fi komai haɗari.

Jiri, ciwon kai da gudun haske alamu ne da ba a wasa da su. Yau ki kai shi asibiti, ku faɗi batun wuyan. Idan ya yi amai, ko ya rikice, ko hannu ya mutu masa, ku je gaggawa nan take. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin tsoro. Ku gaya wa koci, asibitin kuma ku tafi tare da babansa ya ji daga bakin likita. Ba fili sai likita ya yarda.

Kada ki raba shi da wasan. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi, gasa tana dawowa baɗi. Allah Ya ba shi lafiya. Ranar da likita ya sallame shi, ya ɗago daga ruku'u bai dafa kowa ba, ki sake ɗora man cincin.

Anti Baraka