Rasuwar Hajiya Ummukulthum Ango Lolo, Uwar Marubutan Gaɓar Kwara

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Zauren Marubuta Labarin Fim na Gaɓar Kwara, Bagudo, a ƙarƙashin jagorancin shugabansa, Malam Haliru Lafagu, ya sami labarin rasuwar uwar Zauren kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Malama Hajiya Ummukulthum Ango Lolo, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talata a wani asibiti a Birnin Kebbi, bayan jinyar da ta ɗauke ta tun farkon damina. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

An haifi marigayiya a Lolo, a gidan masunta. Mahaifinta, Malam Ango, mutumin garin ne, mahaifiyarta kuwa Badanda ce, wato 'yar ƙabilar Dandawa, daga Madekali, a cikin Jamhuriyar Benin, saboda haka ta tashi da Hausa da Dandanci a baki, kuma ba ta taɓa ɗaukar iyakar da ke tsakanin garuruwan biyu a matsayin wani abu da ya raba dangi ba. Ta daɗe tana koyarwa a makarantar firamare kafin ta fara rubuta wa rediyo wasan kwaikwayo, daga nan ta shiga rubutun fim a lokacin da mace daga wannan yanki ba ta cika samun mai sauraron ta a wannan sana'a ba. Waɗanda suka kalli fim ɗin da ta rubuta, Ɗiyar Mai Banda, za su tuna yadda mutanen Illo da Tsamiya suka riƙa taɓa juna a gidajen kallo, domin a karon farko sun ji 'yan wasa suna magana irin tasu, da harshen Kabi, ba a gyara shi ya koma na wani gari ba.

Ba ta fara rubutu a kan tebur. Ranar kasuwa takan shiga motar haya kamar kowa, ta je ta zauna wurin mata masu bandar kifi, tana taya su juya kifi a kan wuta, hayaƙi yana shiga idonta, tana sauraron yadda ake ciniki da tsegumi da yadda ake ba mutum haƙuri. Ta sha gaya mana cewa ba ta sa wa mutum magana a baki sai ta taɓa jin wani mai rai ya faɗi makamanciyarta. Mu da muka zauna a tabarmarta ranakun Asabar, a ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidanta, ba za mu manta da yadda take duba aiki ba. Takan juya wa ɗalibi baya, ta ce ya karanta maganganun ba tare da ya ambaci sunan mai magana ba. Idan ta kasa bambance uba da ɗa, ko mai jirgi da fasinja, sai ta juyo tana murmushi ta ce, "Ɗana, ba ka san mutanen ga ba tukuna. Koma ka gaisa da su." Da yawa daga cikinmu mun fita daga gidan da ɓacin rai, muka dawo mako na gaba da abin da ya fi kyau, muka kuma tarar ta ajiye mana fura.

Zauren yana ganin wajibi ne ya ambaci wani abu da ita marigayiya ba ta so a riƙa faɗa lokacin da take raye. Shekarun baya, ɗaya daga cikin ɗalibanta, Malam Jabiru Bahindi, wanda a lokacin tela ne a bakin tashar Bagudo, ya kawo labarin wani mai jirgin fito da idonsa ya fara mutuwa yana ɓoye wa iyalinsa. Suka yi aikin tare har ya tsaya da ƙafarsa. Wani mai shirya fim daga wata jiha ya nuna sha'awa, amma ya kafa sharaɗi cewa sunan Hajiya kaɗai zai fito, domin shi ne jama'a suka sani. Shi kansa Malam Jabiru ya roƙe ta ta amince, ya ce shi dai burinsa a ga labarin. Ta ƙi, ta gaya wa mai shirya fim ɗin cewa ita gyara ta yi, labarin kuwa na mai shi ne. Haka aikin ya kwanta, wasu suka yi mata kallon mai taurin kai, ita kuma ta rasa wata dama da ba ta sake samun irinta ba. Da aka zo aka yi fim ɗin daga baya a wani ƙaramin kamfani, sunan Jabiru Bahindi ne ya fara fitowa, nata yana biye da ƙananan haruffa, kamar yadda ta nema. Yau Malam Jabiru yana cikin waɗanda ake ji da su a wannan sana'a, yana kuma da ɗalibai nasa.

Aikinta na ƙarshe ya samo asali ne daga rasuwar innarta, 'yar'uwar mahaifiyarta, a Madekali a lokacin da aka rufe iyaka, inda ta ji labarin ta waya, ba ta sami zuwa ba. Abin ya daɗe yana cin ta, har ta fara rubuta labarin 'yan'uwa mata biyu da suka tsufa a ƙasashe daban. Ciwo ya hana ta kammalawa. Makon jiya ta sa aka kira Malam Jabiru zuwa asibiti ta danƙa masa aikin. Da ya ce zai zauna kusa da ita ta riƙa faɗa yana rubutawa, sai ta ce masa, "Kada ka rubuta abin da kake zaton zan so. Tafi Madekali ka zauna da dangin innata, ka jiyo da kunnenka." Ya tafi ba da son ransa ba. Yana can, a zauren gidan da aka haifi mahaifiyarta, labarin rasuwar ya same shi, kuma shi ne ya sanar da mutanen gidan. A ranar ya taho da tsofaffin gidan, maza da mata, wasunsu rabonsu da wannan ɓangare tun bikin aurenta, suka iso Lolo ana shirin sallar jana'iza, aka dakata har suka yi alwala suka shiga sahu.

A madadin shugaba, 'yan majalisar zartarwa, iyayen ƙungiya da ɗaukacin mambobi, Zauren yana miƙa ta'aziyyarsa ga maigidanta, Alhaji Mamuda Lolo, da 'ya'yanta, Injiniya Muzammilu da Malama Sakinatu, da jikokinta, da danginta na Lolo da na Madekali, da masu girma hakimai da malaman yankin, da duk wanda ya taɓa zama a gabanta da takarda a hannu. Muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ilimin da ta bayar ya zame mata sadaka mai gudana, Ya ba iyalinta da mu ɗalibanta juriyar wannan rashi. Ana karɓar gaisuwa a gidan Malam Ango da ke Lolo, kusa da bakin ruwa.

Sa hannu:
Surayya Bunyaminu Kaoje
Jami'ar Hulɗa da Jama'a
Zauren Marubuta Labarin Fim na Gaɓar Kwara, Bagudo, Jihar Kebbi