Barewar da Ke Kallon Sama

Gonar Harju, arewacin Michigan, Amurka
Satumba, 1984

Zuwa ga Signe, matar wana Reino,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ake yi da hula a hannu, tare da fatan ke da 'yarki Marja da jikoki kuna cikin ƙoshin lafiya a Duluth. Ki gafarce ni da na kutso kai cikin shirunki ba sallama. Na san takarda mai ɗauke da sunan gidanmu ba abar marmari ba ce a gare ki tun kakar bara, ranar da Reino ya saɓa bakansa ya fita farauta, daji ya rufe a bayansa, har yau babu shi babu gawarsa.

Karambanin da na yi shi ne, na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa, na karɓi mabuɗin gidanki a hannun maƙwabcinku Eino, na kuma sauko da tsohon bakan Reino, wanda ya daina farauta da shi, daga bango. Izininki nake nema in koyi farautar barewa a dajinsa. Ban taɓa raka shi ba, ina so in ga abin da yake gani.

Zuwa yanzu damin ciyawa kaɗai na harba. Littafin da na aro ya ce kibiya ba ta da nisan harsashi, don haka wajibi ne mai baka ya san barewa tun kafin ta san shi. Yawo nake ina karatun ƙasa: sawun kofato a taɓo, ƙananan itatuwan da kishimi, wato namijin barewa, ya saɓule wa ɓawo da ƙaho, da ciyawar da ta kwanta inda suka kwana a cikin fadama.

Dajin wana ya yi shiru da ni,
Ganye na zuba, ba ya amsa mini.
Na tambayi sawu, sawu ya ce bi ni,
Na bi shi fadama, ruwa ya tare ni.

Ina roƙon amsarki da hannunki, ba da jimawa ba.

Ƙanin mijinki mai girmama ki,
Arvid

Duluth

Arvid,

Muna lafiya, na gode. Kai da kake rufe ido in ana yanka kaza, yau kai ne maharbi? Ka ɗauki bakan, ka dafa garin kofin da ke kan kanta ka sha kafin ya lalace, amma ka sa safar ulu biyu, don waƙa ba ta hana sanyi.

Ba takardarka ce ke ɓata mini rai ba. Matan coci sun daina kawo mini abinci, sun koma kawo mini labari. Wai an ga Reino a Alaska da wata mai jan gashi. Reino, wanda ko cefane ba ya zuwa sai na rubuta masa a hannu. Fasto ya ce a yi masa addu'ar bankwana ba gawa, na ƙi. Kabari nake so, inda zan kai fure in tsaya in yi masa faɗa.

Kada ka shiga fadamar nan kai kaɗai. Mutum ɗaya ya ishe ta.

Signe

Gonar Harju, Oktoba

Signe mai daraja,

Bayan gaisuwa da ban-girma, safarki ta yi mini rana, ba'arki kuma na karɓe ta hannu biyu.

Na fara zama a mazaunin katakon da Reino ya kafa bisa tsohon itacen tuffa, gabas da fadama, wato inda aka fara nemansa bara. Muddin iska na busowa daga yamma, daga fadama zuwa fuskata, barewa kan fito su ci tuffa a ƙarƙashina har ina jin taunarsu. Amma shekaranjiya iska ta juya ta koma daga gabas. Ban yi motsi ba, ban yi tari ba, sai na ji wata ta buga ƙafa can cikin duhuwa ta yi huci, fadamar ta watse kaf kamar kasuwar da aka yi wa ihun gobara.

Da na ba Eino labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ai warinka ya riga ka shiga ɗakin kwanansu."

Dariyarsa ta bar ni da tunani. Reino ya shekara da shekaru yana wannan harka, ba zai taɓa hawa itacen nan a ranar iskar gabas ba. Na tambayi Eino yadda iska take ranar da abin ya faru. Ya ɗaga kafaɗa ya ce su masu bindiga ina ruwansu da iska, daga bakin titi ma suna kayar da kishimi. Signe, duk waɗanda suka yi neman nan masu bindiga ne. Sun duba gindin tuffa, sun ratsa fadama, suna zaton ya bi dabbar da ya raunata ruwa ya ci shi.

Ki daure ki tuna mini, daga ina iska ta buso a safiyar nan?

Naki da biyayya,
Arvid

Duluth

Arvid,

Daga gabas. Na yi shanya da safe, zannuwan gado suna ta kaɗawa wajen titi, hayaƙin murhu ma can ya kwanta. Da la'asar na kwashe su a guje saboda dusar ƙanƙara ta sauko, ita ce ta binne sawunsa.

Reino ya tsaya a bakin ƙofa ya saki ɗan zare daga hannun rigarsa, ya kalli inda iska ta kai shi, ya yi tsaki. Na ce ya ɗauki burodi, ya ce, "Tsohuwa, ajiye mini, da rana zan dawo."

Babu wanda ya tambaye ni iska. 'Yan sanda tambayata suka yi ko mun yi faɗa.

Me kake nufi da tambayar nan? Ka faɗa mini a fili, ban da baiti.

Signe

Gonar Harju, Oktoba

Signe,

Ina gaishe ki.

Jiya iska ta sake busowa daga gabas, sai na yi abin da mai baka zai yi. Na zaga fadama ta tsohuwar hanyar masu katako har na ɓulla yammacinta, inda ba gonarku ba ce, inda kuma Eino ya ce neman bara bai kai ba. Itatuwan can manya ne masu duhun ganye, rani da damina ba sa kaɗewa, da hantsi ma ƙarƙashinsu kamar almuru. Na ga hanyoyin barewa biyu sun fito daga ruwa sun haɗu. Na bi ƙa'idar littafi, na nemi inda iska za ta ɗauke warina ta yi nesa da su, inda kuma kibiya za ta kai mahaɗar. Wuri ɗaya ne tak ya cika sharuɗɗan, gindin wani ƙaton itace. Na jingina da shi na zauna.

Ban taɓa jin daji ya yi tsit haka ba. Ko kurege babu.

Can sai ga wata tsohuwar barewa da 'ya'yanta. Ta taho a natse, ba ta ji warina ba, na tabbata. Da ta iso mahaɗar sai ta tsaya cak, ta ɗaga kai. Ba ni take kallo ba, Signe. Sama da kaina take kallo, cikin rassa. Ba ta buga ƙafa ba, ba ta yi huci ba, ta dai daɗe tana kallo kamar mai gaida wanda ta saba gani. 'Ya'yan ma suka ɗaga kai. Daga nan ta kauce wa hanya, ta yi wa itacen zagaye mai faɗi, kuma na lura ƙasa ta riga ta sanƙare a kan zagayen, ba jiya suka fara ba.

Littafina ya ce barewa ba ta kallon sama, domin babu abin da ke cinta daga can, sai fa in ta taɓa ganin mutum a bisa.

Na dafa itacen zan miƙe, tafina ya sauka kan ƙarfe mai sanyi. Ƙusar hawa ce, irin waɗanda ke jikin itacen tuffa, ta yi tsatsa. Na shafa sama kaɗan na ji wata. Iska ta motsa, wani abu ya yi ƙara a bisa, ƙarar fata a jikin itace.

Ban ɗaga kai ba. Na dawo gida ina kallon takalmana. Wana ne, amma mijinki ne, ba zan duba ba sai kin ce. Shin Reino yana da wasu ƙusoshin ban da na tuffa? Ki amsa a ranar da takardar nan ta same ki.

Arvid

Duluth

Arvid,

Yana da su, da ɗamarar fata da na saya masa don kada ya faɗo in barci ya ɗauke shi. Ka duba bayan ƙofar rumbu. In babu su a rataye, ka ɗauki Eino ku tafi da rana tsaka, ka ɗaga kanka.

Na haɗa jakata.

Signe

Gonar Harju

Signe,

Babu su a rataye. Mun je, na ɗaga kai.

Yana nan zaune, ɗamarar ta riƙe shi. Bakansa na rataye a reshe, kibiya ko ɗaya bai harba ba. Likitan da ya zo da 'yan sanda ya ce ga alama zuciya ce, kuma bai wahala ba. Mutumin da ya hau ya kwance shi ya ce daga can ana hango rufin gidanki.

Eino ne zai kawo miki wannan da hannunsa, shi zai taho da ke gobe. Amma mai haƙa kabari yana jira tun yau, ƙasa ta fara daskarewa. Ki rubuta a bayan takardar nan ki ba direban motar wasiƙu ta yamma: kusa da Baba za a haƙa, ko a wajen danginki, inda za a bar miki wuri a gefensa?

Arvid