Motar da Ta Kasa Kai Ni Gida

Daren Asabar, ƙarshen damina, Haɗeja.

Na daɗe ina zumuɗin nuna wa Inna motata. Ni da bakina na ce bakanike ya sauke ta ƙasa, ya sa mata sabbin shokazoba da siraran tayoyi irin na tsere. A kwalta ba ta da na biyu. Amma yau, ina sakin titi bayan Kirikasamma, cikinta ya fara gugar ƙasa, tayoyin suna ta wulwulawa a taɓo. Ina hango rimin ƙauyenmu, amma dole na juya na dawo Haɗeja.

Da na kira Inna, cewa ta yi, "Ba komai, Babana. Kifin da na soya maka zai kai gobe."

Wata bakwai rabona da tabarmarta. Gobe ko a kwalekwale ne sai na je.