Na Rubuta wa Ɗan Farina Albashin da Ban Taɓa Ba Shi Ba

Malama Husaina, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Ni baduku ne a Birni. Ina ɗinka jakunkuna da takalma, Allah ya sa albarka har muna aikawa Yamai. Babban ɗana, wanda ba zan kama sunansa ba don ɗan fari ne, shekara goma sha huɗu ke nan yana yanka fata a gefena. Ban taɓa ba shi albashi ba. Nima ubana bai ba ni ba. Ina ciyar da shi, na yi masa aure, na gina masa ɗaki. Mu haka muka tashi muka gani.

Bana lanho, wato haraji, ya yi mini nauyi. Wani kwantabul, mai lissafin kuɗi, ya ce in na rubuta yaron a matsayin ma'aikaci, za a cire albashinsa daga riba, haraji ya ragu. Ya rubuta jika sittin, wato sefa dubu sittin, a wata. Na tura wa yaron ƙanensa Sule da takardar ya sa hannu, don ni da shi ba ma doguwar magana. Sule ya ce yayan nasa ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ɗauki alƙalami.

Tun ranar ya canza. Yana gaishe ni, yana aikinsa, amma ya daina cin abinci a shago. Jiya matarsa ta gaya wa mahaifiyarsa yana tambayar motar masu zuwa haƙar zinariya a arewa. Wallahi raina ya ɓaci, me na rage shi da shi? Sai kuma in ji kunya ta kama ni. Ina tsoron in wayi gari ya tafi, kuma bakina ya ƙi buɗuwa.

Baduku daga Birni

Malam, Allah ya sanyaya maka.

Mu fara da takardar. Ɗaukar ɗanka aiki ba laifi ba ne, kuma yana iya rage haraji, amma sai in albashin na gaske ne, yana shiga hannun mai shi. Wanda aka rubuta ba a biya ba ƙarya ce, ranar bincike kai za ta kama, ba kwantabul ba. Ka je ofishin haraji da ƙafarka ka tambayi tsarin da shagonka yake ciki, domin ba kowane ƙaramin shago wannan ragin yake amfana ba. Ka tambayi kuma abin da za ka zuba masa a asusun ma'aikata.

Ban ce ka zalunce shi ba. Ci da aure da ɗaki ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka duba ta wajensa. Shekara goma sha huɗu yana aiki a matsayin ɗa, bai yi ƙorafi ba. Ranar da aka fara sa wa guminsa farashi, ba don shi aka yi ba, don ka tsira daga lanho ne, kuma aka sa shi ya sa hannu cewa ya karɓa. Ko ni ce, abincin shagon ba zai haɗiyu ba.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai ka daina aika ƙanensa, wannan ma ciwo ne. Ka kira baffansa ya zauna tsakaninku. A yanka masa albashin da shago zai iya ɗauka, ko bai kai sittin ba, a gyara takardar ta dace da shi. Na watan farko ka miƙa masa da hannunka, ko da kanka a sunkuye.

Ka yi haka cikin makon nan, Malam. Yaran da ke tafiya arewa ba su cika yin sallama ba. Allah ya zaunar maka da shi, ya ƙara wa sana'arku albarka.

Husaina