Idan ka juya kana rubutu a allo

Assalamu alaikum ƙanena Nasiru,

Ina gajiya, ina aikin koyarwa? Ya Maryam da yara? Mu nan Hindawiyya, unguwarmu ta kusa da Harami, lafiya lau, sai ciwon ƙafar Baba da ke ɗan motsawa.

Maganar da ka ce in ɓoye masa ta fito. Shekaranjiya a shagon Malam Isa mai shayi wani direban taksi ya gaya masa cewa jiharku ta can Amurka ta yi dokar da ta bai wa ɗalibai damar shiga jami'a da bindiga a ɓoye cikin riga. Ya dawo gida ko abincin rana bai taɓa ba.

Da ya matsa mini, na faɗa masa yanzu ba ka gardama da ɗalibi a kan maki. Kai da ko limamin unguwa ba ka ƙyale ba! Wallahi nan ne Baba ya fara zargin kansa. Ya ce shi ya yi ta tura ka tafiya, yana yi wa maƙwabta alfahari, alhali ya rene ka a garin da ko tattabara ba a firgitawa. Ya ce a zamaninsu ɗalibi ko takalmi ba ya shiga da shi gaban malami. Ni ma da na sani, da ban taya shi ba.

Ka gaida Maryam, ku sa mu a addu'a, mu ma muna yi muku a Harami. Baba ya ce in tambaye ka: idan ka juya kana rubutu a allo, wa ke duba maka bayanka?

Yayarka,
Habiba