Ku Bari Motar Babana Ta Sha Kaye Ko Sau Ɗaya

Zuwa ga shugabannin da ke shirya babbar gasar tseren motoci ta duniya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Sunana Rukayya. A unguwar Utaiƙa nake zaune, cikin Riyad, tare da iyayena da ƙannena biyu. Ban daɗe da gama firamare ba, kuma ban saba magana a gaban manya ba. Ko baƙi aka yi a gidanmu, tire nake ajiyewa in koma bayan labule. Da Hausa na rubuta wannan, don da Hausa abin ya faru. Duk wanda ya iya harshenku, don Allah ya isar muku.

Ranku ya daɗe, mahaifina Malam Sabi'u mutumin Kano ne. Ya yi shekaru yana tuƙi a wani ƙaramin kamfanin motocin haya da ke unguwar Ulaya, nan cikin Riyad. A farkon bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannunsa na dama ya mutu, ƙafarsa sai ja, harshensa ya yi nauyi. Likita ta ce maganar za ta iya dawowa, amma sai in yana yin ta kullum. Kafilinsa, wato Balaraben da takardar zamanmu ke hannunsa, ya ce tuƙi dai ya ƙare, amma in bakin ya buɗe zai zaunar da shi a ofis yana amsa waya yana tura direbobi, tunda ya san titunan garin nan. Ya sabunta masa iƙama, wato takardar zaman, sau ɗaya yana jira. Ya ce wannan ce ta ƙarshe. In ta ƙare Baba bai iya riƙe waya ba, za mu tattara mu tafi, mu bar asibitin da ke duba shi.

Za ku ce ina ruwanku da wannan. Ga abin da ya haɗa mu.

Na ɗaya. Tserenku ranar Lahadi ake yin sa, mu kuwa nan Lahadi ranar aiki ce. Don haka tun ina ƙarama Baba da abokansa suka kafa doka. Ba wanda zai nemi sanin wanda ya ci sai ranar Juma'a. Za a naɗi tseren a na'urar talabijin ɗinmu, a taru bayan an sauko daga masallaci, a kalla tare kamar yanzu ake yi. Daga Lahadi zuwa Juma'a kowa yana gudun labari. Baba kan kashe rediyon mota. In fasinja ya fara zancen, sai ya ce masa, “Don Allah ya shaikh, bar ni da jahilcina zuwa Juma'a.” Ni ce mai naɗa, ni kaɗai na san sakamako. Kawu Haruna, wani mai gyaran famfo ɗan Maraɗi, yakan leƙa fuskata ya ce, “'Yar nan, yi murmushi in mun ci.” Sai in rufe fuska da mayafi in gudu.

Kowa yana da motarsa a cikin masu tseren, kuma ba a sauyawa har abada. Baba ya ɗauki motoci masu launin ruwan ɗorawa tun suna can baya, don tasin da ya fara tuƙawa a Kano launinta ke nan. Baba Ilu, magini ne daga Damagaram, ya ɗauki koraye. Kawu Haruna farare. Wanda motarsa ta zo gaba shi ke shan kofin shayi na farko, wanda tasa ta zo baya shi ke wanke kofuna. Kun san akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, ko da yake wataƙila ba ku sani ba. Baba da Baba Ilu ba sa gaisawa sai da tsiya. Na sha ganin Baba a durƙushe yana wanke kofuna, Baba Ilu na tsaye a kansa yana cewa, “Cuɗa da kyau, Bakano, daman don wanke-wanke aka kawo ka ƙasar nan.”

Na biyu. Da Baba ya dawo daga asibiti, ba ya magana da kowa. Umma ta yi, na yi, sai dai ya ɗaga kai ko ya girgiza. Mutane suna zuwa dubiya su yi addu'a su tafi. A Juma'ar farko da aka dawo kallo, motar Baba tana gaba, sai masu canza mata taya suka yi nawa, korayen suka wuce ta. Baba Ilu ya miƙe tsaye yana tafi. Ya manta da ciwon gaba ɗaya. Ya ce, “Kai, Sabi'u, motarka ma ɓarinta ya shanye!” Umma da ke kicin ta saki ludayi. Sai muka ji Baba ya ce, “Ƙarya kake.” A karkace maganar ta fito, amma ta fito. Wannan ce maganarsa ta farko tun da ya kwanta.

Daga nan kowace Juma'a sai an samu ƙari. Gardama ce ke jawo kalmomin. Wa ya tare wa hanya, wa ya kamata ya shiga canza taya da wuri, wane direba ne matsoraci. In motarsa ta zo baya, da hannun hagu yake wanke kofuna, ba wanda ke karɓar masa, kuma yana wankewa yana ramuwa. Har likita ta tambayi Umma me muke ba shi.

Na uku. Daga tsakiyar bara masu ruwan ɗorawa suka fara ci, kuma ba su daina ba. Bana abin ya fi muni. Da an tashi, motocinsu biyu za su yi gaba, kafin a yi nisa sun ɓace, har mai ɗaukar hoto ya gaji da bin su ya koma nuna na baya. Sauran suna ta zagaye don neman na uku. Da farko Baba ya ji daɗi. Ya sha kofin farko, ya tsokani Baba Ilu son ransa. Amma tsokana ɗaya ba ta yiwuwa kullum. Baba Ilu ya daina ramawa, don ba abin da zai ce. Kawu Haruna ya daina leƙa fuskata. Wata rana ya ce min, “Huta da rufe fuska, 'yata. Ko akuya ta san wanda ya ci.”

Ranku ya daɗe, mutanen nan Juma'a kaɗai suke da ita. Baba Ilu yini yake a kan bene cikin rana duk mako. Ba zan ga laifinsu ba in sun zaɓi barci a kan kallon abin da suka riga suka sani. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Masu zuwan ma yanzu ba kallo suke zuwa ba. Su zauna a bakin kujera, su ce ya jiki, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su duba waya, su tashi. Majalisa ta koma dubiya. Baba ya koma ɗaga kai da girgizawa.

Na huɗu. Wannan shi ya fi yi min ciwo. Watan da ya wuce Baba Ilu ya zo shi kaɗai. Baba ya cire hularsa mai ruwan ɗorawa, wadda yake sawa kowace Juma'a, ya ajiye a ƙasa. Ya nuna motar da ke can ƙarshe a talabijin, ya dafa ƙirjinsa. Yana nufin ya sauya, ya koma wa ta baya, don a samu abin tsokanarsa. Shi da ya kafa dokar cewa ba a sauyawa. Ina bayan labule ina jira Baba Ilu ya yi masa dariya, ya ce Bakano ya gudu, ya ce wani abu mai zafi. Sai ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya mayar masa a kai a hankali, ya ce, “Bari, Malam Sabi'u. Allah ya ba ka lafiya.” Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi Malam ba. Baba ya juya fuskarsa bango. Shayin ranar ni na zubar da shi.

Na biyar. Lahadin da ta biyo baya, ina cikin naɗa da la'asar, Baba ya kira ni da hannu. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, “Wa ya ci?” Mutumin da ke kashe rediyo, yake roƙon fasinja ya yi shiru. Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Na sani.” Daga ranar ban ƙara jin ya haɗa kalma biyu ba. Kafili ya bugo waya cikin makon nan don ya ji muryarsa. Baba ya riƙe wayar, ya yi sallama, sauran ya maƙale. Mutumin ya jira, ya ce, “Halas, shi ke nan, ya Sabi'u, huta,” ya kashe. Umma ta fara karɓo kwalaye daga shagunan kasuwa tana jerawa a bayan ƙofa. Mun san na haɗa kaya ne.

Ban ce ku kuka sa wa Baba ciwo ba. Ciwo daga Allah ne. Ban ce masu ruwan ɗorawa sun yi maguɗi ba, ban sani ba, wataƙila sun fi kowa iya aiki ne. Amma ku ne masu doka. Ku kuke faɗin irin injin da za a sa da abin da aka yarda a kashe. A talabijin ana ta cewa za a gyara nan gaba. Iƙamar Baba ba za ta kai nan gaba ba.

Ga abin da nake roƙo.

Ku duba dokokinku tun bana, ku ba na baya hanyar da za su matso. Ban san yadda ake yi ba, amma kuna da masana. In mota ɗaya ce za ta riƙa ci kullum, to ba tsere ba ne, rakiya ce sauran suke yi mata.

Ku daina auna gasar da yawan mutanen da ke cika filin kallo kaɗai. Ku tuna da ɗakuna irin namu, inda talabijin ke kunne amma ba kowa a gabanta.

Ku faɗa wa masu ruwan ɗorawa cewa akwai wani mutum a Utaiƙa da ya bi su tun ba su da komai, kuma cin da suke yi ya kore masa abokai. Ba na fatan kowa ya yi hatsari, Allah ya kiyaye. Amma a sujada ina roƙon taya ta ƙi fita, ko ruwan sama ya sauko, ko injin ya yi tari. Ina roƙon motar babana ta zo baya, don Baba Ilu ya samu bakin magana, ya tsaya a kansa ya ce masa cuɗa da kyau.

Na naɗi tseren wannan makon. A karo na farko ban kalla ba. Na danna maɓallin naɗa, na kife rimot, na fita tsakar gida har aka gama. Na yi haka ne don in Baba ya sake tambayata, in ce masa ban sani ba, kuma ya zama gaskiya. Na aika ƙanena ya gaya wa Baba Ilu da Kawu Haruna cewa wannan karon ko ni ban san wanda ya ci ba. Ya dawo ya ce sun yi dariya kaɗan, sun ce a gaishe da mai jiki. Duk da haka zan jera kofuna ranar Juma'a.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya tsare direbobinku a kan hanya, ya ba ku lafiyar harshe da abokan da za su yi muku gardama har tsufa.

Wassalam.

Rukayya, 'yar Malam Sabi'u,
Utaiƙa, Riyad.